Tafiyar Ƙasa Mai Nisa: Hanyoyin Kare Kai Daga Zamanin Fatake Zuwa Yau

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai wanda ya je ya dawo lafiya ne yake ba da labarin abin da ya gano. Bahaushe mutum ne da ya daɗe yana taka ƙasa da ƙafarsa. Ya je Gwanja sayen goro, ya kora shanu zuwa Kurmi, ya ratsa Chadi da Sudan a ƙasa don sauke farali a Makka. Ni da na tashi a Agege ta jihar Legas, cikin jikokin waɗanda suka yi irin waɗannan tafiye-tafiye, na ga ya dace in tattaro wa 'yan'uwana ɗalibai abin da magabata suka sani game da tsira a kan doguwar hanya, in haɗa shi da abin da likitoci suka tabbatar a yau. Wannan maƙala za ta dubi tsarin ayarin fatake, da shirin da ya kamata matafiyi ya yi kafin ya bar gida, sannan da matakin da zai ɗauka idan tsautsayi ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa a inda babu asibiti kusa.

Wani zai ce ai zamanin tafiyar ƙasa ya wuce, ga mota ga jirgi. To, bai wuce ba. Makiyaya na nan suna yi, mafarauta da almajirai da 'yan ci-rani suna yi, kuma duk wanda mota ta lalace masa a tsakiyar daji ya zama matafiyin ƙasa ko bai shirya ba. A watan Afrilun 2015 wani matashi ɗan jihar Katsina, Suleiman Hashimu, ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari a zaɓe. Tafiyar kimanin kilomita 750 ce, ya kuma yi ta cikin ƙasa da mako uku, wato kusan kilomita 40 kowace rana. Bayansa matasa da dama sun yi ta kwaikwayo, har tattaki ya zama abin yayi. Ke nan maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce.

Agege da Hanyar Ƙafa

Goro da shanu su ne manyan abubuwan da suka kawo Hausawa Agege. A ƙarni na 19 goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga ƙasar Asante yake fitowa, ana sayo shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yanzu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goron Gwanja kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. Da aka shiga ƙarni na 20 sai noman goro ya bunƙasa a yankin Agege da Ota, ga kuma layin dogo da ya ratsa Agege, wanda ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Nan da nan Agege ta zama matattarar masu sayen goro, unguwar Zango ta kafu, aka yi Sarkin Hausawa.

Jirgin ƙasa ya ɗauke wa goro wahalar hanya, amma shanu sun daɗe ana kora wani kaso nasu a ƙasa. Masu kora kan ƙetare Kwara a Jebba, su bi ta Ilorin da Ogbomosho da Oyo su faɗa Ibadan, wasu su zarce Abeokuta har Agege. Dattawan unguwarmu kan ce babban abin tsoron wannan hanya shi ne ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, don haka ba a son jinkiri da zarar an shiga kurmi. Su kansu mutanen ga zazzaɓi, ga kurkunu daga ruwan tafki, ga ɓarayin hanya. Duk da haka galibinsu sukan iso lafiya, kuma dalilin bai wuce tsari ba.

Tsarin Ayari

Falke ba ya tafiya shi kaɗai. Ayari ake haɗawa, wani lokaci na ɗaruruwan mutane da jakuna da takarkarai da 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka. Kowane ayari yana da shugabanni, kowa da aikinsa:

Madugu shi ne uban tafiya. Shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke ganawa da sarakunan garuruwa ya kai gaisuwa, ya biya kuɗin fito a bakin kogi. Idan ya ce a tsaya an tsaya, ba mai musu.

Jagaba shi ke gaba. Ya san hanya, ya san inda ruwa yake, shi ke fara hango haɗari ya aiko da labari baya.

Uban dawaki mataimakin madugu ne wajen kula da tsaro da biyan kuɗaɗen hanya. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a, da makaɗi wanda gangarsa ke sanar da tashi da sauka.

Kalmar zango ita kanta darasi ce ga mai nazarin harshe. Tana nufin wurin da ayari ke sauka ya kwana, tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Daga nan muka sami zangon karatu a makaranta, daga nan kuma unguwannin baƙi a Ghana da Togo da Agege suka sami sunansu. Abin lura shi ne fatake ba su auna tafiya da ƙarfin mutum mafi sauri. Da zango suke auna ta, wato nisan da jaki mai kaya da mutum mafi rauni za su iya kaiwa kafin rana ta yi zafi. Da asuba ake tashi, kafin azahar an sauka, a nemi ruwa da itace da sauran haske. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko da nake son mai karatu ya riƙe: tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Shiri Kafin a Bar Gida

Ayarin yau ba sai ya kai mutum ɗari ba, amma kada ya gaza mutum uku ko huɗu. Hikimar ita ce, idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, sauran su tafi neman taimako. A naɗa madugu tun daga gida, domin gardama a tsakiyar daji ita kanta haɗari ce. A kuma bar wa wani amintacce a gida jerin garuruwan da za a bi da ranar da ake sa ran isa kowane, tare da alkawarin buga waya kowace yamma. Idan wayar ba ta zo ba, ya san daga wane zango za a fara cigiya.

Lafiyayyen mutum kan yi kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wanda bai saba ba, kilomita 20 zuwa 25 a rana sun ishe shi a makon farko. Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ko sikila ya ga likita tukuna, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, ya kuma sanar da abokan tafiya ciwonsa da inda maganin yake a jakarsa. Ɓoye ciwo don kunya ya sha jefa ayari cikin ruɗani.

Guzuri ya zama mara nauyi, mai daɗewa bai lalace ba: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, dakuwa, sukari da gishiri. Sauran kaya kuwa su ne jarkar ruwa, ƙaramar tukunya, ashana cikin leda, tocila, gidan sauro, malafa, babbar leda ta kare ruwan sama, usur, sabulu, da sanda. A jakar magani a sa bandeji da filasta da auduga da farasitamol da ƙullin gishiri da sukari na asibiti da maganin zazzaɓin cizon sauro. Waya ta kasance da layi biyu na kamfanoni daban-daban da batirin ajiyar caji, a kuma rubuta muhimman lambobi a takarda, domin waya na mutuwa amma takarda ba ta neman caji. Katin shaidar ɗan ƙasa kada ya rabu da aljihu.

Sai takalmi. Ƙafa ita ce jakin matafiyi, kuma babban kuskuren sabon shiga shi ne sayen sabon takalmi ranar tashi. A sa wanda ƙafa ta saba da shi, mai rufe idon sawu, da safa mai tsabta da za a riƙa canzawa. Da an ji wani wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta tun bai zama bororo ba. Idan bororon ya riga ya fito, ƙarami ne a rufe shi a bar shi. Kada a ɓare fatar, domin ita ce murfin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Da dare a wanke ƙafa, a shanya ta, a shafa man kaɗanya.

Tafiya a Gefen Titi

Yawancin masu tattaki a yau titin mota suke bi, kuma a nan mota ta fi maciji kisa. Tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, saboda haka mai tafiya a ƙasa ya riƙe gefen hagu, yadda zai fuskanci motar da ke tahowa ya gan ta da idonsa. A jera ɗaya bayan ɗaya, a sa tufa mai haske, a cire abin sauraren waƙa daga kunne. Kwana da gada da gangare su ne wuraren da direban tirela ba ya iya kauce wa mutum. Tafiyar dare kuwa a bar ta gaba ɗaya. Direba ba ya gani sosai, macizai sun fito, miyagu sun fito, kuma mutanen gari ba su yarda da baƙon dare ba.

Ƙishirwa da Zafin Rana

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, suka bazu a ƙasa neman ruwa, ƙishirwa ta kashe su. Wannan abin tausayi ya isa ya nuna mana cewa mutum kan jure yunwa makonni, amma rashin ruwa a cikin zafi kwanaki kaɗan yake ba shi.

Mai tafiya cikin rana kan zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa guda. Don haka kada a jira ƙishirwa, a riƙa kurɓa a kai a kai. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki na neman ruwa. Mu da muka san Kudu da Arewa mun san zafinsu ba iri ɗaya ba ne. A Legas da Ibadan iska cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, kuma bushewar gumi ita ke sanyaya jiki, shi ya sa mutum kan galabaita ko da rana ba ta take ba. A Arewa kuwa, musamman da bazara da hunturu, gumin kan bushe nan take, sai mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba. Kowanne da irin tarkonsa.

Ruwan rafi da na tafki sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya. Alimun yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Alhamdu lillahi kurkunu da ya addabi kakanninmu ya kau, domin a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, amma kwalara da taifot suna nan. Idan gudawa ta kama mutum, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Ya riƙa sha kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini a ciki, tafiya ta ƙare, sai asibiti.

Illar zafi hawa biyu ce. Na farko galabaita: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, ga gumi sharkaf, amma mutum na cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Na biyu shi ne bugun rana, wanda ke kisa. Alamarsa ita ce gushewar hankali: mutum ya fara sambatu ko tangaɗi ko faɗa ba dalili, jikinsa ya yi zafi rau, wani har ya suma ko ya yi farfaɗiya. A nan ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke dahuwa. A tuɓe masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a nemi abin hawa ana ci gaba da sanyaya shi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya toshe masa numfashi. Idan tafiya ta faɗo cikin Ramadan, a tuna addini ya yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.

Saran Maciji

A nan ne al'ada da ilimin likita suka fi samun saɓani, don haka zan ɗan tsaya. Macizan da suka fi yin illa a ƙasarmu su ne kububuwa da kasa da gamsheƙa. Kububuwa ƙarama ce, amma ita ta fi kisa a yankunan ciyayi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, bayan awanni ko kwana ɗaya jini ya fara fita ta dasashi da hanci da fitsari. Ba banza ba wasu ke kiranta gobe-da-nisa. Yawan saranta ne ya sa garin Kaltungo na jihar Gombe yake da asibiti na musamman na masu saran maciji. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure ƙafa tamau da igiya, a tsaga wurin da aska, a tsotse, a ɗora baƙin dutse. Bincike ya nuna babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitar da dafi. Ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini har nama ya mutu a yanke ƙafar, tsagawa kuma a jikin wanda jininsa ya daina daskarewa buɗe wa jini ƙofa ne. Abin da ya dace shi ne:

A janye mutum daga wurin macijin, a kwantar masa da hankali, domin firgici da gudu suna gaggauta yaɗuwar dafi. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗora wa ƙafar ko hannun sanda a naɗe da ƙyalle ba tare da matsewa ba, kamar yadda ake yi wa karaya, don kada gaɓar ta motsa. A ɗauke shi, kada ya taka. A lura da lokacin da aka yi saran. Idan zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol, ban da asfirin da danginsa masu tsinka jini. Sannan a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi, domin ita kaɗai ce magani. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Idan gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, kada a murza.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Yawancin sara a ƙafa yake, kuma da magariba ko da dare. Takalmi mai rufi, da tocila, da buga sanda a ciyawa kafin a taka, da kakkaɓe takalmi da safe, da kwana cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, sun isa su raba mutum da mafi yawan wannan masifa. Gidan sauron ya yi aiki biyu ke nan. Duk wanda zazzaɓi ya kama a hanya a ɗauka na cizon sauro ne har sai gwaji ya nuna akasin haka, kuma kada a bari ya kwana biyu ba a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ba.

Rauni, Karaya da Cizon Kare

Idan jini na zuba, a danna wurin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, a riƙe na aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Idan ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu a ciwo, domin ta nan cutar sandarewar jiki ke shiga. Targaɗe yana son hutu da naɗi da ɗaga ƙafa. Karaya kuwa a tallafe ta da sanduna biyu yadda aka same ta, kada wanda ba gwani ba ya ce zai ja ya gyara. Wanda ya faɗo daga tudu ko mota ta buge shi yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi kamar buhu, a sami mutane da yawa su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kansa. Idan kare ya yi cizo a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare, domin da zarar alamun cutar sun bayyana babu magani.

Idan mutum ya faɗi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa har taimako ya zo. Wannan aiki ya fi kyau a koye shi a aikace wurin ƙungiyar agaji ta Red Cross ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ke unguwanninmu.

Rafi da Tsawa

Fatake sukan tashi bayan ɗaukewar damina saboda sanin halin ruwa. Rafin da aka tsallaka da safe yana iya zama kogi da la'asar idan an yi ruwa a can sama, ko da inda ake ko ɗigo bai sauka ba. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, a kan tsohuwar hanyar nan ta Jebba ta faru. Kada a yi zango a cikin busasshen rafi ko ƙarƙashin gada. Ruwa mai gudu idan ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato. A tambayi mutanen wurin mashigi, a kwance igiyar jaka yadda za a iya yar da ita, a dogara sanda. Idan ruwan ya yi ja yana ɗauke da itatuwa, a zauna a jira ya janye. Idan fito za a yi, a guji kwalekwalen da aka cika maƙil da na dare, a nemi rigar ruwa.

Hadari idan ya taso da tsawa, a sauka daga kan dutse ko tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, a ajiye ƙarfe, a kuma warwatsu kada a cure wuri ɗaya. Wanda tsawa ta faɗa wa babu wuta a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi nan take.

Baƙunta da Tsaro

Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ga ya saki hanya ya tsaya a inda yake, ya zauna ya huce, ya tuna wuri na ƙarshe da ya gane. Idan rana ta kusa faɗuwa ya kwana nan, ya riƙa busa usur sau uku-uku. Ci gaba da tafiya cikin ruɗewa shi ke mai da ɓatan awa ɗaya ya koma na kwana uku.

A zamanin nan tsoron mutum ya fi na dabba. Akwai dazuzzukan da masu garkuwa da mutane suka addaba, irin na yankin Birnin Gwari, waɗanda mai hankali ba zai shiga a ƙasa ba. Labarin hanya wurin direbobin tasha da mutanen gari ake samunsa, a kowace safiya, kamar yadda jagaba yake yi. Idan sun ce gaba ba kyau, a hau mota a tsallake wurin ko a fasa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kada kuma a riƙa shelanta zangon gobe a Facebook, a bari sai an wuce wuri a ba da labarinsa. Idan 'yan fashi suka tare hanya a ba su abin da suka nema, dukiya ana sake samu.

Ɗaya fuskar ita ce zargin da ake yi wa baƙo. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki aka yi musu zargin satar mutane. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu, amma ta nuna irin zaman ɗar-ɗar da ake ciki. A nan tsohuwar dabarar madugu tana da amfani har gobe. A shiga gari da rana, a fara da gidan mai gari ko Sarkin Hausawa ko ofishin 'yan sanda, a gabatar da kai, a nuna takarda, a nemi masauki ta hannunsu. Daga Agege har Jebba da wuya a sami babban gari da babu Sabo ko Zango. Gaisuwa da harshen mutanen wuri, ko da kalma biyu ce ta Yarabanci ko Nufanci, tana buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗewa. Mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin haka.

Idan ana neman agajin hukuma, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. A jihar Legas akwai kuma 767, sannan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da 122. Mai kira ya faɗi abin da ya faru, da yawan waɗanda abin ya shafa, da sunan gari na ƙarshe da aka wuce da wata alama da ke kusa. Inda sabis ya yi rauni a hau tudu, ko a tura rubutaccen saƙo, domin yakan fita a inda kira ya ƙi shiga. A ƙauye kuwa sau da yawa ɗan acaɓa ne motar asibiti mafi kusa, don haka a ware kuɗinsa daban a wani aljihu.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa tsira a doguwar tafiya ba ƙarfin ƙafa ba ne kawai. Fatake sun bar mana tsari: a tafi a ayari, a bi shugaba ɗaya, a yi sammako a sauka da wuri, a nemi labarin gaba, a girmama masu gari. Likitoci kuma sun gyara mana wasu abubuwan da muka gada, musamman game da saran maciji da ruwan sha da kula da ciwo. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu fita ƙauyuka tattaro bayanan bincike, da su koyi taimakon farko kafin su fita, su kuma zauna da dattawan da suka yi korar shanu da fatauci su rubuta kalmominsu da dabarunsu tun suna raye. Allah ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya maido shi ga iyalinsa lafiya, amin.